Na Je Abijan Kallon Ummi

Legas ce ta fara koya mini hankali. Na sauka da hantsi bayan doguwar tafiya daga Dutse, ƙafafuna a kumbure, ga jaka a kafaɗa, ga robar dambun nama da mai ɗakina ta ɗaure mini da tsumma. Ban gama miƙe bayana ba wani mutum mai jar hula ya tare ni da Hausa tatacciya.

"Alhaji, ina za ka?"

"Ban je Makka ba tukuna. Abijan za ni."

"Ai ka zo gida. Motarmu ba ta tsayawa ko'ina sai Abijan."

Na biya, ya ba ni takarda. A lokacin shekarata biyu a ajin yaƙi da jahilci na Limawa. Ina iya karatu, amma sai na sa yatsa ina bin baƙi ɗaya bayan ɗaya. Na ji kunyar in yi haka a gaban mutane, sai na ninke takardar na cusa a hula. Da la'asar, bayan mun tsallake iyaka, direba ya kashe mota a tashar Kwatano ya ce kowa ya sauka. Na ce masa Abijan na biya. Ya ce in duba takardata. Na zauna a kan dakali na sa yatsa, na bi ta sau biyu, babu Abijan a ciki. Da na yi haka tun a Legas, da mai jar hula bai ci ni ba. Tun daga ranar ban ƙara sa takarda a hula ban karanta ba, ko mutum nawa ne a bayana.

Sunana Haladu, asalina Jahun, facin taya nake yi a unguwar Takur a Dutse. Abin da ya fitar da ni 'yata ce, Ummi. Tun tana makaranta a Dutse take buga ƙwallo, daga nan wata ƙungiya ta ɗauke ta, har aka kira ta cikin 'yan matan da za su wakilci ƙasarmu a wata gasa a Abijan. 'Yar baya ce, aikinta tare masu kawo hari. Mutane sun yi surutu, wasu a majalisa, wasu har bakin shagona. Ban taɓa hana ta ba. Amma ban taɓa zuwa kallonta ba, ban kuma taɓa ce mata sannu da ƙoƙari ba. Ita ce 'yar fari, kuma a wajenmu uba ba ya nuna ya damu da ɗan fari. Ni ina ganin kara nake yi. Ita ashe gani take kunyarta nake ji.

Ana gobe za su shiga sansani ta ce wa mahaifiyarta, in an gama wannan gasa za ta ajiye ƙwallo gaba ɗaya, don ba za ta ci gaba da sa Baba yana sunkuyar da kai a gari ba. Uwar ba ta gaya mini ba sai bayan ta tafi. A sansani karɓe musu waya ake yi. Ko da ma tana da ita, na san bakina ba zai iya faɗar abin da ya kamata ba. Sai na ce ƙafata ta je ta faɗa. Ina so ta ɗaga kai ta gan ni a cikin 'yan kallo kafin ta yanke abin da ta yi niyya.

Kwana biyu na yi a Kwatano ina lissafin ɗan kuɗin da ya rage mini, ina kwana a masallacin zango. Ladanin ya ba ni tabarma, wani mai shayi mutumin Maraɗi yana ba ni burodi ya ƙi karɓar komai. Abincin garin kifi ne da manja, ni kuwa raina tuwon gero da miyar kuka yake so. Rana ta uku na ga wata babbar motar albasa a bakin titi, direba da yaransa suna fama da taya, sun rasa inda iska take fita. Na naɗe hannun riga, na nemi ruwa da sabulu, ban jima ba na nuna musu. Da muka gama direban ya tambaye ni inda za ni. A kan buhunan albasa na shiga Lome, idona yana hawaye, ina dariya ni kaɗai. A hanyar nan na fara ganin teku. Na daɗe ina neman ɗaya gaɓar da ido kafin na haƙura.

Ranar da na isa Lome ita ce ranar wasan farko. Na san na rasa shi. Na zauna a tasha kusa da wasu samari masu kallo a waya, ina tambayar su lokaci lokaci. Da yamma ɗaya ya juyo ya ɗaga mini yatsu biyu.

"An ci ku biyu da nema, Baba."

A Jahun ina yaro, in ana gasar unguwanni, wanda aka ci ya naɗe rigunansa ke nan sai baɗi. Ban san wata ƙwallo ba sai wannan. Na ɗauka su Ummi gobe za su hau jirgi su koma gida, ni kuwa ina tsakiyar hanya da robar dambu. Na yi sallar magariba, na ɗauki jakata, na fara tambayar motar da za ta mayar da ni Legas.

Wata dattijuwa mai ƙiba tana zaune a kan huhun goro, tana jin ina tambaya. Ta ce, "Malam, Hausar nan taka ta wajenmu ce. Daga ina?"

"Jahun, Hajiya."

"Ni Haɗeja. Sunana Asabe, amma shekara talatin ina aure a Abijan. Ɗazu na ji kana cewa can za ka, yanzu kuma Legas. Ko aljanu ne da kai?"

Na gaya mata komai. Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki.

"Wayyo mutumin Jahun! Kai ka ɗauka gasar unguwa ce? Zauna nan."

Ta buɗe huhu ta ciro goro huɗu, fari ɗaya, ja uku, ta jera a kan mayafinta.

"Wannan farin 'yarka ce da ƙawayenta. Waɗannan ukun wasu ƙasashe ne. Su huɗun nan rukuni ɗaya ne. Kowa sai ya kara da kowa, wasa uku ke nan. Ka ci, maki uku. Ku yi canjaras, ɗaya ɗaya. A ci ka, babu. In an gama sai a duba, biyun sama su wuce, biyun ƙasa su tafi gida. Yau ɗaya kawai aka yi."

"Wato ba a kore su ba?"

"Ba wanda ya kore su. Kai ne dai za ka kori kanka."

Na tambaye ta ina ta san wannan duka. Ta ce a kasuwarsu in ana ƙwallo ko ciniki ba a yi, wanda bai iya lissafin maki ba ba shi da bakin magana. Ta miƙo mini farin goron ta ce in ci, gobe mota ɗaya za mu shiga. Ban taɓa cin goro mai daɗin wannan ba.

Gana ta ci mana kwana biyu. A bakin iyaka aka ba ni takarda in cike. Na sa yatsa ina bi, layi ya yi tsawo a bayana, wani yana ta tsaki. Hajiya Asabe ta juya ta ce masa wani abu da yarensu, ban san me ta ce ba, amma tsakin ya tsaya. Ma'aikaciyar da ke zaune ta jira ni har na gama, ta duba, ta buga hatimi ba ta gyara komai ba. Wani ma'aikacin kuma ya buɗe robar dambu, ya shinshina, ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya sake cika hannu, sannan ya sara mini kamar ni ne shugabansa. Mun wuce Ankara, babban birninsu, ban ga komai ba sai cunkoson motoci. Daga nan daji ne kore shar, da itatuwan kwakwa, da ruwan sama da ba ya gajiya. Na tuna gonarmu da yadda muke ɗaga kai muna neman hadari, na ce Allah mai raba arziki.

A Abijan maigidan Hajiya, wani dattijo mai sanyin magana, ya ba ni ɗaki a bayan shagonsa. Washegari Hajiya ta raka ni otal ɗin da 'yan wasa suke, don Faransanci ake yi a garin, ni kuwa ko gaisuwa ban iya ba. A ƙofa akwai mai gadi dogo da takarda a hannu. Hajiya ta ce masa ga uban ɗaya daga cikin 'yan matan. Ya tambayi sunanta.

Na ce, "Ummi."

Ya duba ya ce babu. Na faɗi sunana, ya duba ya ce ya ga mai wannan sunan uba, amma in faɗi sunan yarinyar na yanka, don kowa yana iya zuwa ya ce shi uba ne.

Hajiya ta ce, "Malam, kai ake jira."

Na sunkuyar da kai. Ta dube ni, sai ta gane.

"'Yar fari ce?"

"Kuma sunan mahaifiyata aka sa mata, Allah ya ji ƙanta."

"Innalillahi. Ka ƙetare ƙasa huɗu, ka zo ka maƙale a kan suna!"

Ta yi wa mai gadin bayani. Ya buɗe baki yana kallona, ya kira abokinsa ya gaya masa, suka yi ta dariya. Ya ce a duniya bai taɓa jin uban da ba ya iya faɗar sunan 'yarsa ba. Ban ji haushi ba, ni ma na san abin da dariya a wajen wanda bai taso a ciki ba. Shekara goma sha tara sunan nan bai fito daga bakina ba, kuma ba a bakin ƙofar otal zai fara ba. Ina tsaye sai idona ya kai ga biron da ke aljihunsa. Na nuna masa. Ya ba ni, Hajiya ta yago gefen takardar da ta naɗe goro, na ɗora a kan gwiwa na rubuta a hankali. Ya karɓa, ya gwada da tasa, ya daina dariya, ya miƙo mini hannu muka gaisa.

Duk da haka bai bar ni na shiga ba. Ya ce doka ce, ba baƙo, ba abincin waje, sai an gama wasannin rukuni. Na ƙara rubuta a ƙasan sunan cewa na zo, na roƙe shi ya kai mata. Ya ce zai ba manyansu. Dambun kuwa gidan Hajiya ne suka ci, jikokinta har da lashe roba.

Wasa na biyu na je ni kaɗai, don ranar kasuwa ce. Ban taɓa shiga wuri mai girman filin nan ba. Na bi mutane har na samu kaina can sama, inda 'yan wasa suka koma kamar 'yan tsaki. Na san lambarta biyar, na neme ta har na same ta, da dogon wando a ƙarƙashin gajere da ɗan kallabi baƙi. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Yarinyar da nake gani tana shara da wanke-wanke ita ce take nuna wa manyan mata inda za su tsaya, tana daka musu tsawa, suna bi. 'Yan matanmu suka ci uku da nema. Wani mutum da ban sani ba ya rungume ni, na rungume shi. Amma har aka tashi ba ta ɗaga kai wajen 'yan kallo ba ko sau ɗaya. A nan na gane takardata ba ta isa ba.

Washegari maigidan Hajiya ya kawo jarida ya buɗe mini shafin da aka jera rukunin. Faransanci ne, amma lamba lamba ce a ko'ina. Na sa yatsa na bi. Mu maki uku, waɗanda za mu kara da su a wasan ƙarshe su ma uku, sai dai mun fi su zura ƙwallaye. Na ce, "Hajiya, in na fahimta, canjaras ya ishe mu."

"Ka ga mutumin Jahun ya zama malami! In kuma aka ci ku?"

"Gida."

"To, da asuba za a kwashe su zuwa filin jirgi, ba ka ganta ba ba ta gan ka ba. Wannan karon ba za ka hau sama kamar shirwa ba. Da ni za a je."

Ba ita kaɗai ta je ba. Ta tattaro ƙawayenta na kasuwa su shida, duk Hausawa, kowacce da mayafi da robar ruwa. Tun rana tana tsaka muka isa, suka ture kowa har muka samu layin gaba, daidai bayan ragar da 'yan matanmu za su fara tsarewa. Da 'yan wasa suka fito, Ummi ta wuce ta gabana, tsakaninmu bai fi taku ashirin ba. Ganguna suna tashi, ƙaho yana tashi. Hajiya ta zungure ni.

"Kira ta mana!"

Na ce, "Ummi." Ni kaina ban ji muryata ba.

"Haka ake kira a Jahun? Ko akuya ba za ta juyo ba."

Aka fara. Waɗancan suna da wata mai lamba tara, siririya, gudu kamar barewa, kuma a gefen Ummi take zuwa. Sau biyu ta wuce ta, na biyun ta zura ƙwallo. Na zauna na riƙe kai. Aka tafi hutu ana cin mu ɗaya. Hajiya ta ba ni ruwa, na kasa sha. Da aka dawo sun sauya gefe, Ummi ta koma can nesa, na ce a raina shi ke nan, ko an ci ko ba a ci ba, ba za ta gan ni ba.

Saura kaɗan a tashi muka samu bugun kusurwa a ragar da ke gabanmu. Sai na ga 'yan baya suna tahowa da gudu, har da lamba biyar. Aka bugo, ta yi tsalle ta sa kai, mai tsaron raga ta ture, wata ƙawarta gajera ta sa ƙafa ta tura ciki. Fili ya ɗauka. 'Yan matan suka rugo wajen kusurwa suna faɗawa kan juna, dab da mu.

A nan Hajiya Asabe ta miƙe, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa. Ƙawayenta shida suka amsa. Guɗa irin ta kai amarya, a tsakiyar Abijan. A duk 'yan matan nan babu wadda ta san wannan sauti sai mutum ɗaya. Ummi ta ɗago daga cikin tarin ƙawayenta tana waige-waige. Ta ga mata masu mayafi. Sannan ta ga wanda ke tsaye a tsakiyarsu da farar riga da hula.

Ta tsaya cak, ta sa hannu biyu a baki. Ni kuwa na rasa abin yi, sai na nuna mata wajen tsaronta da hannu, don alƙaliyar wasa ta riga ta ajiye ƙwallo a tsakiya. Ta juya da gudu. Mintunan da suka rage mai lamba tara ta zo sau uku, sau uku tana tashi daga ƙasa tana kaɗe riga. Aka busa tashi ɗaya da ɗaya. Mun wuce.

Ba ta bi sauran ɗakin sauya kaya ba. Ta taho bakin shingen ƙarfe da ya raba mu, gumi yana zuba, ta durƙusa har ƙasa a kan ciyawa kamar tana tsakar gidanmu.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya gajiya?"

"Babu gajiya. Yaushe ka zo? Da wa ka zo? A jirgi?"

"A mota. Wani wajen a kan albasa."

Ta yi dariya, hawaye yana bin kumatunta. Hajiya ta ce, "Ke 'yar nan, ki riƙe uban nan naki da kyau. Saura ƙiris ya koma gida daga Lome, ya ɗauka an kore ku."

Ummi ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dawo kaina, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, ka ga wasan? Duka?"

Duk hanyar nan na yi ta shirya abin da zan ce mata, tun daga Kwatano nake jera shi. Ga ta a gabana, ga mata bakwai sun zuba mini ido, ko kalma ɗaya ban samu ba. Sai na ce, "Na gani. Na ga na rannan ma. Amma mai lamba taran nan, me ya sa kika bar ta ta wuce ki ta hagu har sau biyu?"

Ta ɗago ta dube ni sosai, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Hagun nan ita ce matsalata, Baba. Koci ma kullum faɗan da take yi mini ke nan."

"To sai ki gyara. In kin dawo gida akwai fili a bayan shagona, da safe ba kowa. Baɗi ba na son in sake ganin haka."

Na ga ta juya kalmar baɗin a ranta. Daga can bakin ƙofa kocinsu tana ta ɗaga mata hannu. Ta miƙe, ta share fuska da gefen riga.

"To, Baba. Zan gyara."

Ta ruga da gudu, tana yi tana waiwayowa, har ta yi karo da mai ɗaukar hoto.